Mai Unguwa Liao da Kiɗan Motar Shara

Duk wanda ya ce muku Liao Jin-bao mugu ne, ƙazafi ya yi masa. Mugunta tana buƙatar tunani, shi kuwa baki kawai aka ba shi. Aji ɗaya muka yi da shi a firamare, saboda haka na san abin da nake faɗa. A-Bao muke ce masa, har ranar da ya ci zaɓen mai unguwa a nan Layin Masu Turare, kudancin Taiwan. Daga ranar ya sa aka ɗinka masa jan falmaran da sunansa a gadon baya, ya hana kowa kiransa A-Bao. Matarsa ta gaya mini ko wanka zai shiga sai an kai ruwa rana kafin ya tuɓe falmaran ɗin.

Ni ce A-Lien, mai sayar da madarar waken suya a bakin titi, daidai gaban zauren unguwa. A wannan zaure ne matan sa-kai suke dafa wa tsofaffi abincin rana. Tun da mahaifiyata ta rasu, Babana ba ya iya cin abinci a gida. Sai ya tasa kwano a gaba ya yi ta kallon kujerarta. Amma a zaure, cikin tsaransa, yakan cinye har ya nemi ƙari. Shi ya sa ran da labari ya zo cewa hukumar gunduma za ta haɗe unguwarmu da ta tsallaken babban titi, ta rufe zaure ɗaya ta bar ɗaya, hankalina ya tashi ƙwarai. Baba ba zai iya tsallaka wancan titin da sandarsa ba, na kuma san in aka rufe zauren nan, abincin rana ya ƙare masa.

Shugabar gundumar, Madam Peng, ta aiko cewa za ta zo da kanta ta ga unguwar da jama'arta suka fi fitowa harkokin unguwa. Zauren waɗannan ne zai tsira. A tsallake kuwa mai unguwarsu, Hung Siu-lan, zaurenta kullum cike yake da masu koyon rawa da masu awon hawan jini.

A-Bao ya zo rumfata ya daki ƙirji.

“A-Lien, kwantar da hankalinki. Ni da na yi magana ɗaya a lasifika, ko kyankyasan unguwar nan sai sun fito taro.”

“Su kam suna fitowa ko ba ka kira ba,” na ce masa. “Mutane fa?”

Lasifikokin nan hukuma ce ta ɗaura su a kan falwayoyi don sanarwar guguwa da ɗauke ruwan famfo. A hannun A-Bao suka koma gidan rediyo. Da su muke jin ya dawo daga asibiti, da su muke jin jikarsa ta yi haƙori. Kunnuwanmu sun daɗe da koyon toshe kansu da zarar ya yi gyaran murya.

Ya kira taron gwaji. Baba ya halarta, don barci ne ya kwashe shi a kujera tun bayan abincin rana. Na halarta, don na je ɗaukar Baba. Sai wani kare. Ya sake kiran wani, ya yi shelar za a raba wa kowa kwalbar miyar waken suya. Wannan karon zaure ya cika maƙil. Kowa ya karɓi kwalbarsa ya bi ta ƙofar baya, kafin ya gama “jama'ata masu albarka” ya koma daga shi sai karen nan.

Da yammacin ranar yana zaune a rumfata yana shan madarar da bai da niyyar biya, sai kiɗan motar shara ya taso daga bakin layi. Kun dai san yadda abin yake. Doka ta ce shara ba ta taɓa ƙasa, daga hannunka sai cikin mota, in ka ajiye a titi tara ta hau kanka. Da jin kiɗan nan ƙofofi suka buɗe, unguwa ta tuttulo waje. Mai leda, mai kwali, mai bokitin ragowar abinci da ake juyewa a jar gangar da ke bayan mota don masu kiwon aladu. Ana jiran rawayar motar ana gaisawa, ana gulma, ana tambayar wa ya yi aure wa ya rabu.

A-Bao ya ajiye kofi a hankali. Idonsa ya yi wani ƙyalli da na sani tun muna yara, irin wanda ya yi ran da ya ce zai koya wa agwagwar makaranta tashi daga saman bene.

“Kin ga abin da na gani?”

“Na ga mutane suna zubar da shara.”

“Shi ya sa kike sayar da madara, ni nake mulki. Wannan taro ne, A-Lien. Taro ne wanda ba shi da shugaba.”

Kafin in ce wani abu ya zabura ya bi motar a guje, ya ɗaga wayarsa sama yana ɗaukar kiɗan. Direban motar, A-Hai, ya leƙo ta taga, bakinsa jawur da irin goron da ake taunawa a nan.

“Mai unguwa, in kai ne za a zubar, ka jira farar motar da ke baya. Ita ke ɗaukar tsofaffin kayan da za a iya sake sarrafawa.”

“Za ka ji labarina,” in ji A-Bao yana haki.

“Kullum ma ji muke yi, ko muna so ko ba ma so.”

Ranar Laraba motar shara ba ta zuwa, haka ma Lahadi, kowa ya san haka. Amma ƙafa ba ta san Laraba ba. Da tsakar rana kiɗa ya tashi, sai ga mutane suna fitowa a rikice. Kawu Tu wanzami ya fito da leda a hannu, mutumin da yake yi wa aski ya biyo shi da rabin kai, wai zai taya shi ɗaukar kwali. Inna Chiu, wadda gwiwoyinta suka daɗe da yin ritaya, ta gangaro daga hawa na huɗu rungume da bokitin kawunan kifi. Aka bi kiɗa, aka bi kiɗa, sai ga mu a ƙofar zaure. Babu mota. A-Bao ne tsaye a kan kujera, da falmaran, da makirufo, kiɗan da ya ɗauka a wayarsa yana tashi ta lasifika.

“Jama'ata masu albarka, na gode da wannan fitowa ta ƙauna.”

Ba mai iya ajiye abin da ke hannunsa, ba mai iya tafa masa, ba kuma mai hannun da zai shaƙe shi. Wannan kaɗai ya cece shi.

“Jin-bao,” in ji Inna Chiu, “ina motar?”

“Inna, motar ci gaba ce ta iso. Zan yi muku bayani a kan manufofina guda...”

“Ni na yi wa uwarka wankan jego. Ina motar?”

“Ki ɗan ɗaga kai, Inna, hoto zan ɗauka. Kawu, ɓoye ledar nan a bayanka.”

“Sauko in ɓoye ta a bakinka,” in ji Kawu Tu.

Ya ɗauki hotonsa. Jama'a suka juya da shararsu cikin zafin rana suna tsine masa. Inna Chiu ta sake hawa benen nan da kawunan kifinta, tana hutawa a kowane hawa tana ambaton kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya zo rumfata yana nuna mini hoton, wai ko Hung Siu-lan ta mutu ta dawo ba za ta tara rabin wannan ba.

“Dubi fuskokinsu,” na ce. “Kamar masu jiran a miƙo musu kai.”

“Natsuwa ce. Haka mutane suke yi in suna sauraron babban mutum.”

“A-Bao, ka bar wasa da kiɗan nan. Abu ɗaya ke nan da unguwar nan ta yarda da shi.”

“Mai unguwa za ki ce.”

Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Washegari ya sake sakawa da safe, wai atisaye. Rabin mutane suka fito. Ya sake sakawa bayan azahar, ƴan ƙalilan suka leƙo. Da yamma motar gaske ta shigo da kiɗanta, kowa ya yi zamansa a ɗaki yana cewa ɗan banzan nan ne, yau kam bai samu kowa ba. A-Hai ya ratsa layin nan tun daga farko har ƙarshe, ko leda ɗaya ba a jefa masa ba. Daga baya ya ce ya zaci annoba ce ta share mu.

Daga nan lissafi ya dagule. In ka fito, A-Bao ne. In ka ƙi fitowa, mota ce. Kawu Tu ya taɓa hango bayanta tana shan kwana, ya haye babur da leda a kowane hannu ya bi ta, ya dawo da ledojinsa da targaɗe. Ga watan zafi. Kwana da kwanaki shara tana dahuwa a ɗakunan girki, har layin da aka sani da ƙamshin turare ya koma sai an toshe hanci. Ƙudaje suka yi ƙaura daga kasuwar kifi suka tare a wurinmu. Masu sayen madarata suka ragu, don ba mai son karya kumallo a cikin wannan iska. Mutane suka yi ta buga waya ofishin gunduma suna ƙorafi.

Shi gwano ba ya jin warin jikinsa. Ana gobe Madam Peng za ta zo, ya shiga lasifika ya ba da umarni cewa gobe babu abincin tsofaffi, kowane tsoho ya zauna a gida. Na tare shi a ƙofar zaure.

“Ka haukace ne? Zauren da ake son a ga yana aiki shi za ka kwashe wa mutane?”

“Wa zai ba da lambar yabo don ya ga tsofaffi suna zubar da miya a riga? Babbar baƙuwa sai babban shiri. Na aro motar surukina.”

“Wace mota?”

“Wadda na yi yawon neman ƙuri'a da ita. Ni da Madam za mu tsaya a baya mu zaga unguwa muna ɗaga hannu. Jama'a kuma su fito tarba.”

“Wa zai fito?”

Ya yi murmushi ya shafa aljihun da wayarsa take. Sai a lokacin na tuna launin motar surukin nasa. Rawaya ce, launin da ya yi kamfe da shi. Na buɗe baki zan gaya masa, ya ɗaga mini hannu, wai shawarar mai madara ta tsaya a kan madara. Na rufe bakina. Matan sa-kai kuwa na bi su gida-gida na ce su ɗora tukunya kamar kullum. Baba dama bai ji sanarwar ba, don da zarar A-Bao ya fara magana yake zare na'urar jinsa ya sa a aljihu.

Madam Peng ta iso da hantsi, ƴar siririya, cikin farin kwat mai tsada, da ma'aikaci ɗaya mai ɗaukar hoto. A-Bao ya tarbe ta a bakin layi, ya taimaka mata ta hau bayan buɗaɗɗiyar motar. Ya ɗaura wa motar fitila mai juyawa a ka don ƙarin kwarjini. A can ƙarshen baya ya kafa wata jar ganga cike da shayi mai sanyi da zai raba wa masu tarba. Rawayar mota, fitila mai juyawa, jar ganga a baya. Ko da gangan mutum ya shirya, iyakar abin da zai yi ke nan.

“Ranki ya daɗe, riƙe ƙarfen nan da kyau,” na ji yana ce mata. “Jama'ata in suka gan ni ba sa iya riƙe kansu.”

Ya danna waya. Kiɗa ya tashi.

Da farko labule kawai ya motsa a tagogi. Sai wani ya hango rawaya tana shigowa layi a hankali, fitila tana juyawa, ya kwarma cewa ta gaske ce. Ban taɓa ganin unguwarmu ta fito irin ta ranar ba. Gurgu ya manta sandarsa. Layinmu matsattse ne, ƙofa tana buɗewa mota tana gabanka, hannu kuma ya saba, ba ya jiran ido. Leda ta farko ta sauka a ƙafar Madam Peng. Ta biyu ta sami A-Bao a ƙirji ta fashe.

“Tsaraba ce, ranki ya daɗe,” in ji shi yana kakkaɓe ɓawon ƙwai. “Al'adarmu ce a nan.”

Sai ruwan ledoji ya ɓarke ta dama da hagu, har daga saman bene. Ya ɗaga makirufo yana cewa ni ne, ni ne mai unguwarku, amma kiɗan ya danne muryarsa, don shi da kansa ya ƙure sautin. Gaskiya zan faɗa, waɗanda suka fara jifa ba su gan shi ba. Waɗanda suka biyo baya sun gan shi sarai, shi ya sa ma suka gyara saiti. Kawu Tu da targaɗensa ya jefa tasa, ya koma ciki ya ɗauko ta maƙwabcinsa.

Inna Chiu ta iso a ƙarshe, tana jan ƙafa, da bokitin nan nata wanda ya kwana ya wuni har ya fara magana. Ta zagaya bayan mota, ta buɗe jar ganga, ta juye kawunan kifin cikin shayin baƙi, ta ƙwanƙwasa gindin bokitin don kada a bar saura. Sannan ta ɗaga kai ta ga mace cikin abin da a da farin kwat ne.

“Sannu da aiki, ƴata. Yanzu har mata suke ɗauka? Ki gaya wa manyanku su riƙa ba ku safar hannu.”

Ana cikin haka sai wani kiɗan ya taso daga ɗaya bakin layin. Ofishin gunduma ne ya turo mota ta musamman saboda ƙorafinmu, takardar ma Madam Peng ce ta sa mata hannu. Motoci biyu rawaya suka yi gaba da gaba a layin da babur biyu ke wucewa da ƙyar, kowacce tana rera kiɗa ɗaya. A-Hai ya kashe nasa, ya sauko, ya zagaya motar A-Bao yana dubawa kamar mai shirin saye.

“Mai unguwa, ka yi ƙoƙari. Amma ba ka raba kwalabe da takardu ba. Wannan tara ce.”

Wani ya hau ya kashe wayar. Ƙarar ƙudaje kawai ta rage. Madam Peng tana tsaye cikin shara har gwiwa, taliya tana lilo a kafaɗarta. Ba ta ɗaga murya ba.

“Malam Liao, su wane ne waɗannan?”

“Jama'ata ne, ranki ya daɗe. Kin ga yawansu? Ki tambayi Hung Siu-lan ko ta taɓa...”

“Kiɗan nan daga ina ka samo shi?”

Unguwa guda ta amsa mata a tare, kowa da nasa babin. Matar A-Bao ce ta fi kowa bayani.

Dole baƙuwa ta wanke jiki, wuri mafi kusa mai famfo da sabulu kuwa shi ne zaure. Na kama hannunta na sauko da ita na kai ta. Muna shiga muka tarar da tsofaffinmu a jere a teburansu, tururi yana tashi daga tukunyar shinkafa. Matan sa-kai suka karɓi kwat ɗin suka jiƙa, suka ɗaura mata atamfar girki irin tasu. Baba bai san ko wace ce ba, ya matsa mata a benci.

“Sabuwa ce ke? Zauna nan. Yau kabewa ce da kifi. Ki ci da sauri, tsohon can na kusa da taga ba ya barin komai.”

Ta zauna. Ta ci. Ta tambaye shi ko kullum yake zuwa, ya ce in ban zo nan ba ina zan je, gidana kujera ɗaya ta yi yawa. Na juya na shiga wanke kofunan da ba su da datti, don idona ya cika.

A-Bao ya leƙo ƙofa, ganyen kabeji a kan falmaran, ya ce ranki ya daɗe wannan ba ya cikin shiri, jawabina yana nan tafe. Ta dube shi, ta dubi kwanonta, ta ce ya je ya taya A-Hai kwashe abin da ya tara, leda bayan leda, kuma kada ɗaya ta taɓa ƙasa. Ya wuni yana yi, unguwa tana tsaye tana ba shi shawara.

Da hukunci ya fito, zaurenmu aka bari. An ce Madam Peng ta faɗa a ofis cewa ba ta taɓa ganin unguwar da kanta ya haɗu a kan abu ɗaya kamar tamu ba. An haɗe unguwannin biyu, aka yi zaɓe, Hung Siu-lan ta lashe. Ko matar A-Bao ba ta yarda ta rantse cewa shi ta zaɓa ba. Aikin farko da sabuwar mai unguwa ta yi shi ne ta sa aka canja makullin ɗakin lasifika. Har gobe in ka zauna a rumfata A-Bao zai gaya maka shi ya ceci zauren, da dabarar da ƙananan ƙwaƙwalwa ba za su gane ba. Ba na musa masa, sai dai yanzu ina karɓar kuɗin madarata kafin ya fara.

Abu ɗaya ne bai warke ba. Har yanzu in kiɗa ya tashi, ba mai ɗaukar leda sai ya fara leƙawa ta taga. Matar A-Bao ta ɗora masa aikin fitar da bokitin gidansu, kullum shi ne farkon fita. In muka hango shi tsaye a bakin titi, ba falmaran, hannu biyu riƙe da bokiti, to mun san ba shi ke riƙe da waya ba, mota ce ta gaske. Sai kowa ya fito.

Ya daɗe yana neman ranar da unguwa za ta fito saboda ta gan shi. Ga shi ya samu, kowace yamma ban da Laraba da Lahadi.